Ɗabaƙoƙin Malaman Silima

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin nahawu har Allah ya buɗa masa ya rarrabe fa'ili da maf'uli, ya san irin jarrabawar da ke biyo bayan wannan ni'ima, domin daga ranar nan ba zai ƙara sauraron mai wa'azi da natsuwar da ya saba ba. Jama'a na can sun sunkuyar da kai suna share hawaye saboda ambaton kabari da hisabi, shi kuwa yana nan ya kasa kunne yana jiran inda za a sa rufu'a a gurbin fataha, in kuwa aka sa, to wa'azi ya ƙare a wurinsa ko da mai yin sa zai kai asuba. Irin wannan jarrabawa ce ta sauko wa wata jama'a a zamaninmu, wato waɗanda suka karanci ilmin fim, kuma da yake ni ma na tsoma baki a wannan ƙwarya, na yi wata uku ina zuwa wani kwas na yamma wanda ba sai na ambaci masu shi ba, ina ganin ina da haƙƙin bayyana halayensu ba tare da an ce hassadar jahili ce ba.

Kafin wannan ilmi ya yaɗu, kallo sha'ani ne na jama'a baki ɗaya. Tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, Palace ta biyo baya a 1952, sannan su Plaza da Orion da Marhaba, mutum yakan biya kuɗinsa ya zauna ƙarƙashin taurari, don galibin gidajen ba su da rufi, in mugu ya laɓaɓo bayan jarumi da wuƙa sai ɗaruruwan maƙogwaro su ɗauka tare, "Bayanka! Bayanka!", kuma ba wanda ke jin kunyar cewa ya yi wa bango nasiha. Sun san hoto ne sarai, sai dai sun ƙulla sulhu da ƙaryar na tsawon sa'a uku, kamar yadda yaro ke ƙulla sulhu da Gizo da Ƙoƙi da zarar an ce ga ta nan ga ta nanku. Yau kuwa abin ya samu makarantu: akwai cibiyar koyar da fim ta ƙasa a Jos, akwai sassa a jami'o'i, akwai kwasa-kwasan mako biyu, akwai kuma babban shaihin zamani, YouTube, wanda ke ba da ijaza ba tare da ya ga fuskar almajiri ba. Abin da na lura da shi bayan doguwar mu'amala da waɗanda suka fito daga waɗannan zaurukan shi ne, ilmin yakan tarar da tsohon halin mutum yana zaune, sai ya naɗa masa rawani ya ba shi sanda, don haka kowannensu da irin hanyar da yake bi ya hana mutane jin daɗin kallo.

Mafi sauƙin ganewa a cikinsu shi ne Malam Lugga, wanda bai wuce zangon farko ba ya dawo gida da jaka cike da sunaye. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi wani fim a kan saurayin da ya komo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka hana gari sakat. To Malam Lugga shi ne wannan saurayi, sai dai nasa akwatin kalmomi ne a ciki. In an matso da fuska sai ya ce "kulozof", in an harhaɗa hotuna ya ce "montaj", akwai kuma wata kalmar Faransanci, "mizansen", wadda yake adana wa manyan baƙi kamar yadda uwargida ke adana tangaran, in kuwa ka matsa masa ya fassara sai ka tarar ma'anarta ba ta wuce yadda aka jera mutane da kaya gaban kyamara ba, abin da kowace mai jeren ɗakin amarya ta sani tun ba a haife shi ba. Alamarsa ta zahiri ita ce ya haɗa yatsu huɗu ya yi 'yar taga, ya runtse ido ɗaya ya leƙa duniya ta ciki, ko da abin da ke gabansa teburin mai shayi ne. Shi ne kuma ke sanar da mata, ana tsakiyar kallon bidiyon biki, cewa babu abin da ke motsi a fim, hotuna ne tsayayyu 24 ke wucewa cikin kowane sakan, ido kawai ake yaudara. Magana ce ta gaskiya, amma uwar amarya ba don ita ta tara mutane ba. Ciwonsa mai sauƙi ne, yakan warke da kansa ranar da ya gamu da wanda ya fi shi kalmomi.

Wanda nasa ciwon ba ya jin magani shi ne Mafarauci. An koya masa cewa fitowa guda wadda mai kallo ke gani cikin minti biyu ana iya yini ana ɗaukarta, a ɗauki fuskar miji da hantsi, a ɗauki amsar matar bayan la'asar, wani lokaci ma sai wata ranar dabam, sannan mai tacewa ya zauna ya ɗinke su, har akwai ma'aikaci na musamman wanda aikinsa kawai ya tabbatar hula ba ta sauya kari ba tsakanin ɗauka da ɗauka. Tun ranar da Mafarauci ya ji haka ya daina kallon fuskoki ya koma kallon kofuna. Miji na danƙara wa matarsa saki uku, ɗaki ya ɗauki salati, shi kuwa sai ya daki cinya ya ce, "Kun gani? Shayin nan ɗazu rabi ne, yanzu ya cika!" Ya haddace fim ɗin zamanin yaƙin sarakuna inda wayar lantarki ta ratsa saman fada, da wanda dogari ya manta agogo a hannu, da wanda aka ɗaure wa jarumi ƙafar dama da safe ya fito yana ɗingishi da ta hagu da yamma. Ranar idinsa ita ce ranar da, a 2019, aka hango kofin gahawa na takarda a kan teburin sarauta cikin shirin Game of Thrones, wanda aka narka wa dukiya mai ɗimbin yawa. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo, ya yi mako yana yawo da hoton a waya kamar mai raba sammaci, kuma ko da masu shirin suka goge kofin da kwamfuta cikin 'yan kwanaki, shi bai yafe ba. Na san ɗaya daga cikinsu da ya yi nasa ɗan gajeren fim na kammala karatu, muka je kallo, sai ga inuwar sandar makirufo tana lilo a bango bisa kan jaruma tun daga bisimilla har tammat. Da na nuna masa, cikin ladabi kuwa, sai ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, mai hankali labari yake bi. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Sai babban malami a cikinsu, wanda nake girmamawa ko da yake ba na son kujerata ta yi maƙwabtaka da tasa, wato Mai Isnadi. A mazhabarsa babu fitowar da ta zo duniya ba uba, kuma ba ya karɓar fim sai ya jero maruwaitansa ɗaya bayan ɗaya har zuwa tushe. Ka ce masa kana son Sholay, fim ɗin nan na 1975 wanda iyayenmu suka kalla har suka haddace, inda tsohon ɗan sanda ya yi hayar ɓarayi biyu su kamo masa ɗan fashi Gabbar Singh, sai ya gyara zama ya yi gyaran murya ya ce Ramesh Sippy ya karɓo daga kaboyin Italiya na Sergio Leone da kuma The Magnificent Seven na 1960, shi kuma wannan ya karɓo daga Seven Samurai na Kurosawa, 1954, inda manoma suka yi hayar mayaƙa bakwai da ladan shinkafa. In ka yi kuskuren gyaɗa kai zai ƙara maka da hashiya, cewa shi Leone ɗin ma ya ɗauki Yojimbo na Kurosawa ya mai da shi A Fistful of Dollars a 1964 ba da izini ba, har aka kai ƙara. In ana kallon The Untouchables na 1987, aka zo inda keken jariri ke gangarowa daga matakalar tashar jirgin ƙasa ana ruwan harsashi, kowa ya riƙe numfashi saboda jaririn, shi murmushi yake yi, don ya san keken nan tun 1925 yake gangarowa, daga matakalar Odesa a fim ɗin Eisenstein, kuma har yau bai kai ƙasa ba.

Duk abin da ya faɗa ingantacce ne, ban taɓa kama shi da ruwaya mai rauni ba, kuma ina binsa bashin godiya, ko in ce yana bina, domin a bakinsa na fara jin sunan Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1972, ga shi nan Nijar kusa da mu, alhali ni da na san Sarkin Ƙarfi Dharmendra kamar ɗan unguwarmu ban taɓa jin labarinsa ba. Aibin Mai Isnadi guda ne, ya ɗauka wanda ya san uban abu ya gama sanin abin. Ka kawo masa fim ɗin Hausa mai rawa da waƙa, kafin rubutun sunaye ya gama wucewa ya ce daga Bombay aka kwaso, ya faɗi shekara, ya sa takalmi. Ba zai tsaya ya ga abin da ya sami labarin bayan ya sha ruwan Kano ba, yadda zaure ya maye gurbin haikali, yadda kishiya da uwar miji da kawu mai riƙon gado suka shigo suka karɓe ragama, wanda a ganina nan ne ainihin abin kallon yake.

Maƙwabcinsa a sahu, kuma abokin mujadalarsa, shi ne Mai Ta'awili, wanda ya yi imani cewa kowane fim yana da zahiri don gama-gari da baɗini don keɓantattu irinsa. In jaruma ta yafa jan mayafi, jini ne ke tafe. In ta tsaya bakin taga mai ƙarafa, kurkukun aure ake nufi. In an ɗauki alhaji daga ƙasa, mulki ne, in daga sama, ƙasƙanci. Dole in yi masa adalci, don akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa: Orson Welles, a Citizen Kane na 1941, har daɓen ɗakin ɗauka ya sa aka fasa aka nutsar da kyamara don mutumin ya yi tsawo kamar hasumiya, kuma da niyya ya yi. Illar ita ce Mai Ta'awili bai yarda akwai abin da ke shiga fim ba da niyya ba. Na taɓa halartar wani taro inda aka nuna wani fim na gida, darakta na zaune a sahun gaba. Akwai inda saurayi ke lallashin budurwa a ƙofar gida, sai wata akuya ta ratso ta bayansu, ta tsaya ta dubi kyamara, ta wuce abinta. Da aka buɗe fagen tambaya Mai Ta'awili ya miƙe ya yi kusan minti goma yana sharhi, ya ce akuyar ita ce al'umma mai sa ido, tsayawarta hukunci ne, wucewarta kuwa halin ko-in-kula na zamani, ya rufe da jinjina wa darakta bisa zurfin basira. Darakta, mutum mai kunya, ya karɓi abin magana ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Akuyar maƙwabta ce. Sau uku muna korarta, rana na faɗuwa, batir ya kusa ƙarewa, muka ƙyale ta." Ɗaki ya kwashe da dariya, na ce yau dai an yi maganinsa. Ashe ban san shi ba, don da muka fito ya kama hannuna ya ce wannan ita ce babbar hujja a kan cewa mai fasaha ba ya sanin abin da ke fita daga gare shi, kuma ba a taɓa tambayar mai mafarki fassarar mafarkinsa ba.

Akwai kuma Mai Duba, wanda bai buga ƙasa ba, amma ya karanta littafin Syd Field na 1979, inda aka kasa labari kashi uku, aka ce shafi ɗaya na rubutu daidai yake da minti ɗaya na kallo, kuma wajen minti na 30 lalle wani abu ya auku ya juya akalar labari. Shi da agogo yake kallo. Ya kuma riƙe ƙa'idar nan da ake jinginawa ga Chekhov, cewa bindigar da aka nuna a rataye da farko wajibi ne ta tashi kafin ƙarshe, saboda haka da zarar kyamara ta ɗan daɗe a kan kwalbar magani, ko tsohuwa ta yi tari sau biyu, sai ya ce "Allah ya jiƙanta," tun baiwar Allah tana da sauran minti arba'in a duniya. Abokin jarumi ya ciro hoton budurwarsa ya ce daga wannan aikin sai aure, Mai Duba ya ce a fara haƙa kabari. Abin haushin shi ne ba ya kuskure sai nadiran. Ƙannensa sun yi ijma'i ba a kunna fim sai ya fita, matarsa kuwa, da ta fi su dabara, rake take sayo masa, don ta lura mai shan rake ba ya ba da fatawa.

Ba zan daɗe kan ƙananan ɗabaƙoƙi ba, irin Mai Lissafi, wanda ya karanci sashen furodusa, in mota ta faɗa rami kowa na salati shi yana ƙiyasta kuɗinta, yana cewa ai shi ya sa ba a nuna gabanta ba, ta haya ce. Ko Mai Fitila, wanda in an nuna ɗaki cikin dare an ɗauke wuta sai ya nemi a gaya masa daga ina hasken da ke kan kumatun jaruma ya fito. Ko wanda ke hana a kashe talabijin sai rubutun ƙarshe ya gama hawa, wai haƙƙin mai jan waya ne a karanta sunansa, alhali shi ma ba karantawa yake yi ba.

Mai Zuhudu kam ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ya kai maƙamin da ya saki duniya: fim mai launi makaruhi ne a wurinsa, mai waƙa ya fi haka muni, wanda jama'a suka yi tururuwar kallo kuwa ba sai an tambaye shi hukuncinsa ba. Abincin ruhinsa shi ne finafinan da al'amura ke tafiya a cikinsu kamar hawainiya, irin na Ozu Bajapane, wanda ke ajiye kyamara ƙasa-ƙasa daidai idon mai zaune a tabarma, ya bar ta nan tana kallon tsofaffi suna fifita. Ya taɓa gayyatata kallon Sátántangó na Béla Tarr, mutumin Hangari, fim na 1994, baƙi da fari, wanda ya haura sa'a 7, wanda kuma ya buɗe da garken shanu suna fitowa suna yawo cikin taɓo, kusan minti 8 ba wanda ya ce uffan. Muka yi azahar a cikinsa, muka yi la'asar, muka yi magariba. Wani baƙonsa Bafulatani da ya zo daga ruga shi kaɗai ya mai da hankali ga farkon, ya ce shanun nan ba su da makiyayi ne, da aka ce babu, sai ya girgiza kai ya ce lalle wannan ƙasa ta lalace, ya ɗauki sandarsa ya fita, kuma daga baya na gane ya taƙaita ma'anar fim ɗin duka tun ba mu kai ko'ina ba. Ba na musun cewa na samu wani abu a wannan dogon zama wanda ban samu a wani wuri ba, domin ban taɓa jin nauyin jira a jikina kamar ranar ba. Amma abin da ya raba ni da tsoron Mai Zuhudu shi ne wata rana da na yi sallama bai ji ba, na ɗaga labule na same shi kwance yana kallon marigayi Ibro a waya, yana dariya har da hawaye da shure-shure. Da ya gan ni sai ya kife wayar ya gyara fuska, ya ce bincike yake yi a kan al'adun gama-gari.

Tawa ɗabaƙar na bari a ƙarshe, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni Mai Kunne ne. Malaminmu na sashen sauti ya rushe mini duniya cikin darasi guda, ranar da ya bayyana mana cewa da yawa daga abin da muke ji a fim ba a wurin ɗauka aka naɗe shi ba, wasu mutane ne ke shiga ɗaki daga baya su tsaya gaban allo suna taka tsakuwa, suna kaɗa tsumma, suna gwara ɓawon kwakwa biyu a madadin kofaton doki, sana'ar da har yau ake kira da sunan Jack Foley. Ya ce a Psycho na Hitchcock, 1960, kisan nan na banɗaki da ya hana mutane barci, jinin ruwan cakulan ne tun da fim ɗin baƙi da fari ne, ƙarar wuƙar kuwa wani ɗan itace dangin kankana aka yi ta soka. Ya kuma jiyar da mu wani ihu da aka naɗa a 1951 don mutumin da kada ya cafke, wanda ake kira ihun Wilhelm, aka yi ta aronsa a ɗaruruwan finafinai har da Star Wars; tun daga ranar, duk sojan da ya faɗo daga bene da wannan murya, jama'a na jimami, ni kuwa sai in ji kamar na ci karo da tsohon abokin makaranta a kasuwa.

Da wannan ƙaramin sani, wanda Hausawa sun riga sun faɗi abin da yake, na je gaida gwaggona, wadda ta san Sholay tun zamanin kaset, na kuwa same ta jikoki sun kunna mata shi. Na zauna na yi haƙuri iyakar iyawata, har aka zo inda jarumar fim ɗin, Basanti, ke rawa a kan fasassun kwalabe don a bar masoyinta da rai, Gwaggo ta dafe ƙirji, nan fa haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Gwaggo, kin san kuwa ba ita ke waƙar nan ba? Lata Mangeshkar ce ta rera a ɗakin naɗi a Bombay, ita wannan baki kawai take motsawa."

Ba ta ko dube ni ba, ta ce, "To, ɗan nan, ita Latar ce ke taka kwalba?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To bar ni da mai taka kwalba."

Ashe wannan ne karo na biyu da ta kayar da ni a zaman, na farkon ne ban gane kayarwa ba ce sai da na koma gida. Can baya, a fitowar nan ta almuru inda Radha, matar da mijinta ya rasu, ke bin barandar bene cikin fararen kaya tana rage fitilu ɗaya bayan ɗaya, Jai kuma, ɗaya daga cikin ɓarayin nan biyu, yana zaune a ƙasa yana 'yar busarsa, na so in burge ta da labarin Kuleshov, malamin nan na Rasha wanda, kamar yadda ake ruwaitowa, bayan juyin 1917 ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya haɗa ta da akwatin gawa, ya haɗa ta da mace a kishingiɗe, masu kallo suka yi ta yabon yadda mutumin ya nuna yunwa, ya nuna baƙin ciki, ya nuna sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce ba ta motsa ba. Nufina in nuna mata cewa Amitabh, wanda ya fito a matsayin Jai, ba abin da yake yi a nan, almakashin mai tacewa ne ke soyayyar. Ban kai rabi ba ta ɗaga mini hannu ta ce, "Yi shiru mana. Shi yana ƙasa, ita tana sama tana kashe fitila. Amarya kunna fitila take yi. Ni tun ranar da na fara ganin wurin nan na san ba za a yi auren nan ba." Wato aikin Mai Ta'awili da na Mai Duba ta haɗa cikin numfashi guda, ba kwas, ba takardar shaida, sannan ta ci gaba da kallo da zuciya ɗaya kamar mai fatan wannan karon za a ɗaura.

Da aka zo inda Jai ya cika a hannun abokinsa, Veeru ya ɗauki kwabon nan da suka saba jefawa in za su yanke shawara, ya juya shi ya ga ashe gaba da baya fuska ɗaya ce, na san sarai tun farkon fim aka shuka kwabon domin wannan lokaci, na ji daidai inda aka shigo da kiɗa a ƙarƙashin kuka, na san dalilin da ya sa aka matso da kyamara, har sunan matsowar na sani da Turanci. Gwaggo ta dube ni ta wutsiyar ido, ta miƙo mini gefen mayafinta.

Ta ce, "Ungo, malam, share, kada yara su gani. In ka tashi kuma ka turo mini yaron nan ya mayar mini da shi farko."